Sheƙin Tsofaffin Ganguna da Sharuɗɗan Tsare Shi

Daga cikin sana'o'in da suka yi ƙarfi a Amurka da Ingila a wannan zamani, ba tare da an yi musu shela ba, akwai ta waɗansu mutane da suka ɗora wa kansu bin sawun tsofaffin gangunan Turawa, irin jerin nan da mutum guda kan zauna a tsakiyarsa yana kaɗa waɗansu da makaɗi biyu yana taka waɗansu da ƙafa, su saye su daga hannun magada ko a kasuwar gwanjo, su kankare abin da zamani ya ɓata, sa'an nan su mayar musu da sheƙin da suka fito da shi daga masana'anta shekara sittin ko saba'in da suka shige. Baƙo a cikin al'amarin yakan zaci wahala ta ƙare ranar da aka fesa shafi na ƙarshe, alhali kuwa da yawa daga cikin gangunan da sheƙinsu ya lalace, bayan feshin ne suka gamu da ibtila'insu, a hannun mai su, kuma galibi saboda tsananin son da yake yi musu.

Asalin waɗannan ganguna daga badujalar soja ne, domin a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20 makaɗan Amurka suka ga babu dalilin biyan mutum uku ladan abin da mutum ɗaya zai iya, sai suka tattaro babbar ganga da ƙarama da faya-fayen tagulla wuri guda. Friedrich Gretsch, wani Bajamushe da ya yi ƙaura, ya buɗe shagonsa a unguwar Buruklin ta birnin Niyok a 1883. 'Yan'uwa biyu, William da Theobald Ludwig, suka kafa nasu a Shikago a 1909, suka yi suna da wani abin takawa na babbar ganga wanda ya fi na gabaninsa sauri. Kamfanin Slingerland ya biyo baya a wannan birni, shahararsa ta kai ko'ina a shekarun 1930 albarkacin makaɗi Gene Krupa. A Ingila kuwa aka kafa Premier a 1922. Kangon gangar ba sassaƙa shi ake yi daga gungume ba kamar yadda masassaƙanmu ke yi wa kalangu. Falle-fallen katako ne marasa kauri, sau da yawa uku ko shida, ake liƙa su da gam a lanƙwasa su su zagaye, daga baya a huda ramukan da za a ɗaura ƙarafan ɗaure fata.

Ado iri biyu ake yi wa bayan kangon. Ko dai a naɗe shi da fallen roba mai walƙiya, wanda shi ne aka fi gani, ko kuwa a fesa masa fentin sheƙi kai tsaye a kan katako, mai launi ko garau wanda ke nuna zanen itacen. Na biyun nan ne maganarmu, kuma tarihinsa na da ban mamaki, gama daga makamin yaƙi ya samo tushe. A 1846 wani masanin sinadarai a birnin Basel na ƙasar Siwizalan, Christian Schönbein, ya gano cewa idan aka jiƙa auduga a cikin waɗansu ruwaye masu tsami da ƙuna takan koma abu mai kamawa da wuta nan take, abin da ake kira naitiroselulos. Da Yaƙin Duniya na Farko ya ƙare, kamfanin DuPont, wanda ya yi arziki da albarushi, ya nemi wata hanyar amfani da gwanintarsa, har masanansa suka samo yadda za a narkar da wannan sinadari ya zama fenti mai saurin bushewa da ake fesawa, suka sa masa suna Duco. Motar Oakland ta 1924, ta kamfanin General Motors, ita ce ta fara fita kasuwa da shi, aikin fentin mota da a da ke cin makonni ya koma na kwanaki kaɗan. Ba a jima ba masu yin kayan kiɗa suka karɓe shi, har kundayen tallan Ludwig da Slingerland suka riƙa ambaton launukan Duco da sunansu, galibi launi biyu, ɗaya a gefuna ɗaya a tsakiya, suna narkewa cikin juna.

To, duk hukuncin da za a yanke game da tsaron wannan fenti yana komawa ne ga illa guda ɗaya a cikin ɗabi'arsa, wanda ya fahimce ta ba ya bukatar a lissafa masa sauran. Fentin zamani, irin su foliyuretan, idan ya bushe ya rikiɗe ke nan ya zama wani abu dabam, babu komawa. Shi kuwa naitiroselulos bushewarsa ba ta wuce tashin tinar da aka narkar da shi a cikinta ba. Sinadarin yana nan yadda yake, kuma ko bayan shekara hamsin, ranar da ya sake haɗuwa da abin da ke narkar da shi zai yi laushi kamar jiya aka fesa shi. Daga nan ne kyansa ya fito, domin kowane sabon shafi yakan narke cikin na ƙarƙashinsa su zama jiki guda mai zurfin sheƙi, ga shi kuma ba kauri, bai fi kashi ɗaya ko biyu cikin goma na milimita ba bayan an goge. Daga nan kuma rauninsa ya fito, kuma babu wani sihiri da zai ba mutum kyan ya tsare shi daga raunin.

Kafin a kai ga tsaro akwai mas'alar da ta raba masu wannan sha'awa gida biyu, watau ko ya halatta tun farko a sake wa tsohuwar ganga fenti. Mazhabar masu tarawa ta tsananta ƙwarai, tana ganin fentin asali, duk da tsagewarsa da rawayar da ya yi, shi ne shaidar gangar, wanda ya kankare shi ya shafe tarihi ya kuma karya farashi. Suna da hujja. A watan Disamba na 2015 aka yi gwanjon jerin gangunan Ludwig na farko na Ringo Starr, makaɗin ƙungiyar mawaƙa ta Beatles, a kan fiye da dala miliyan biyu, kuma ko da yake sunan mai su ne ya ja wannan kuɗi, babu mai shakkar cewa da an ce wani kafinta ya sabunta musu riga da darajarsu ta zube. Mazhabar makaɗa ta fi sassauci, tana cewa an yi ganga don a kaɗa ta a gaban jama'a, ba laifi a fitar da ita kunya. Abin da na fi karkata gare shi shi ne tsakaitawa: gangar da fentinta na asali ke nan da sauransa, a tsabtace shi a bar shi, wadda kuwa ruwa ya riga ya ci, ko wani ya taɓa shafe ta da fentin bango, ko aka yi mata hude-hude, sabunta ta alheri ne, domin babu sauran asalin da za a yi wa kishi.

Sharaɗi na farko bayan feshi shi ne haƙuri, kuma a nan aka fi faɗuwa. Fentin yakan bushe ga taɓawa cikin abin da bai kai sa'a guda ba, sai mai shi ya ruɗu, alhali tina tana nan a ƙarƙashi tana fita sannu a hankali, fentin kuma yana ƙanƙancewa yana zama. Masu sana'ar sukan rataye kango a ɗaki mai iska, babu ƙura, mako uku zuwa huɗu kafin su taɓa shi da samfefa, waɗansu ma sukan ƙara. Suna da gwaji biyu da ba su bukatar na'ura: a sa hanci a jikin kangon, in har ana jin warin tina da saura; sa'an nan a danna farce a wurin da ƙarfe zai rufe, in ya bar gurbi a ƙara jira. Wanda ya goge da wuri zai ga sheƙi mai ɗaukar ido a ranar, bayan wata guda kuwa ya tarar fentin ya nutse cikin ƙofofin katakon, musamman in mahogani ne mai buɗaɗɗun ƙofofi, fuskar ta yi ɗigo-ɗigo, sai ya sake aikin daga farko. Sauri ya haifi nawa.

Gugar kanta abin kallo ce. Gwani yakan jiƙa samfefa mai laushi, ya fara da mai lamba 800 ko 1000, ya naɗe ta a jikin wani abu mai ɗan taushi da zai bi lanƙwasar kangon, ya riƙa shafawa a hankali har ƙananan tuddan da feshi ya bari su kwanta, fuskar ta koma dishi-dishi babu ɗigon sheƙi ko ɗaya. Daga nan ya hau 1500, ya hau 2000, kowace lamba tana shafe karcen wadda ta gabace ta, kafin ya zo ga man guga da ƙyalle ko injin mai juyawa, wanda shi ma in aka tsaya da shi wuri guda zafinsa zai ƙona fentin. Amma abin da ke bambanta gwani da ɗan koyo yana wajen ramukan nan da aka huda domin ƙarafa. Ɗigon ruwa guda in ya gangara cikin rami, ɗanyen katakon da ke ciki zai sha ya kumbura, fentin da ke kewaye da bakin ramin kuwa ba ya miƙewa, sai ya tsage kamar tauraro, kuma ba a ganin ɓarnar sai washegari. Saboda haka ake toshe kowane rami da kaki kafin a kawo ruwa kusa, a kuma rufe bakin kangon, inda fata ke zama, da takarda mai liƙewa, gama wannan baki shi ne ke riƙe da muryar gangar, bai kamata fenti ko ruwa ya hau shi ba.

Ranar mayar da ƙarafa ma tana da nata ladabi. Feshi yakan rage faɗin ramuka, wanda ya tura ƙarfe da ƙarfin tsiya zai ɓantare fentin. Sai a bi kowane rami a share shi da hannu tukuna. Ba a ɗaure noti har ƙarshen ƙarfi, domin gefen ƙarfen yakan nutsa cikin sabon fenti ya tayar da shi. Waɗansu kan yanka shimfiɗa siririya su sa tsakanin ƙarfe da kango, ko da yake gangunan dā ba su zo da ita ba, kuma masu tsanantawa na ganinta bidi'a ce. In za a sa, a yanka ta daga takarda mai kauri ko ƙyallen ulu mara rini, a nisanci roba. Haka kuma tsatsar ƙarafan, a goge ta tun suna kwance a kan tebur, domin man goge ƙarfe yana da ƙaiƙayi, in ya taɓa fenti sai ya dusashe shi.

Zancen roba ya cancanci a tsaya a kansa, gama ita ce maƙiyin da ke zuwa da siffar masoyi. Yawancin roba mai laushi, musamman irin da ake yin jakunkuna da ledar shimfiɗa da rigar wayar lantarki, an cakuɗa ta da wani mai da ke hana ta ƙagewa, kuma wannan mai ba ya zama wuri guda, yakan yi ƙaura zuwa duk abin da ya daɗe yana manne da shi. In ya shiga naitiroselulos sai ya narkar da shi a hankali, ba tare da zafi ko wari ba. Mutum ya sayi jaka mai tsada domin ihtiyaɗi, ya zura gangarsa ya ajiye wata uku, ran da ya buɗe ya tarar zanen cikin jakar ya bugu a jikin fentin, ko ma ta manne sai an ɓamɓaro. Ledar nan mai kumfar iska da ake naɗe kayan fashewa da ita takan bar sawun ƙwayoyinta reras, wayar makirufo da aka bari kwance a kan babbar ganga takan bar layi, haka soson da ke cikin tsofaffin akwatuna in ya fara ruɓewa. Masu gita sun daɗe da sanin wannan daga maratayai masu hannun roba. Maganin kuwa mai arha ne ƙwarai: a naɗe gangar da tsohon zanen gado na auduga, fari, wankakke, kafin ta shiga kowace irin jaka, kuma sabon fenti kada ya shiga rufaffen wuri sam sai ya yi wata biyu ko fiye.

Bayan roba sai duk abin da ke da sinadarin barasa a cikinsa, ko danginsa. Turaren fesawa, da ruwan tsabtace hannu da ya cika gidaje tun 2020, da abin goge jan farce na mata, kowannensu ɗigo guda ya isa ya bar tabo. Man shafawa na korar sauro mai sinadarin DEET ya fi su duka sharri, domin a hannun makaɗin yake, ya shafa da magariba ya ɗauki gangarsa, da safe ya ga shatin yatsunsa biyar a jikinta. Ko kofin ruwan sanyi da aka ɗora a kan kango yakan bar farin zobe, saboda laimar da ta shige cikin fentin.

Game da abin da za a shafa domin ƙarin kariya, a nan ne 'yan kasuwa suka fi cin kuɗin mutane, kuma gaskiyar magana ita ce bukatar kaɗan ce. Man goge kujeru na gwangwani da yawancin na goge mota suna ɗauke da silikon, wanda ke ba da sheƙi na nan take amma yana ratsa kowace tsaga ya shiga katako, ba ya kuma fita. Ranar da aka zo gyara, sabon fenti zai riƙa gudun wurin yana barin ramuka masu kama da idon kifi, har gwanaye da yawa kan ƙi karɓar aikin da suka san silikon ya taɓa. Ruwan goge gilashi mai ammoniya shi ma makaruhi ne. Abin da aka yarda da shi shi ne kakin karnuba tsantsa, wanda ake samu daga ganyen wata bishiya dangin giginya a arewa maso gabashin Barazil, kuma fifikonsa a kan kakin zuma shi ne tauri, domin ba ya narkewa sai zafi ya haura digiri 80, alhali na zuma yakan saki tun wajen 62. A shafa shi siriri, sau ɗaya ko biyu a shekara, bayan fentin ya gama zama sarai, a kuma duba kada ya zama irin wanda aka haɗa da abin kankara. Kada a ɗora masa fatan da ba zai iya cikawa ba: yana sa ƙura da gumi su zame, yana ba da 'yan daƙiƙu na share ɗigon da ya zuba, amma ba ya tare karce kuma ba ya hana roba aikinta. In maiƙo ko sauran gam ya manne, nafta, watau irin man da ake zuba wa ƙyastu, ba ta cin wannan fenti in ya bushe sosai, da sharaɗin a fara gwadawa a ɓoyayyen wuri.

Shafar yau da kullum ita ce ke kashe sheƙi fiye da kowane haɗari, domin ƙura ƙananan duwatsu ce, wanda ya dirje ta da busasshen tsumma samfefa ya yi wa gangarsa. A fara kaɗe ta da buroshi mai taushi, sa'an nan a bi da ƙyalle mai laushi da aka ɗan jiƙa aka matse, a bi da busasshe, ba dannawa.

Sai yanayi. Katako yana numfashi, yana buɗewa da laima yana tsukewa da bushewa, fentin da ke kansa kuwa, musamman in ya tsufa man da ke sa shi laushi ya ƙare, ba ya iya bin sa. A ƙasashen sanyi abin da aka fi tsoro shi ne a ɗauko ganga daga motar da ta kwana cikin ƙanƙara a buɗe ta nan take a ɗaki mai ɗumi, fentin ya tsattsage cikin 'yan mintoci; shi ya sa suke barin ta cikin akwatinta sa'o'i kafin su buɗe. Gidajen adana kayan tarihi sukan riƙe laimar ɗaki tsakanin kashi 40 da 60 cikin ɗari domin kayan katako. Mai irin wannan ganga a Kano ko Damagaram, in akwai shi, tasa jarrabawar ta fi tsanani, gama a tsakiyar hunturu laimar iska kan sauka ƙasa da kashi 20, ga ƙura, sa'an nan damina ta zo ta juya al'amarin, bazara kuma cikin motar da aka rufe a rana kan haura digiri 60, zafin da ya isa ya sa fentin ya yi laushi ya kama duk abin da ke jingine da shi. Ɗaki na ciki, nesa da taga da bangon da rana ke duka, shi ne mafi dacewa, domin hasken rana yana mayar da garau rawaya, yana kuma cinye launi, ja ya fi saurin tafiya.

Duk da haka ban ga hikimar mutum ya kashe watanni yana gyaran ganga sa'an nan ya kulle ta don tsoro ba. Wuraren da kiɗa ke ci sanannu ne kuma ƙididdigaggu: inda ƙarfen ƙaramar ganga ke gugar ta kusa da ita, da saman babbar ganga inda gangar da aka ɗaura a kanta ke sauka in maɗaurinta ya saki, da bakin da'irar katako inda abin takawa ke cizo. Tazarar yatsa biyu tsakanin ganguna, da ɗan ƙyallen auduga a kan babbar, da guntun fata a bakin abin takawa, sun ɗauke mafi yawan wannan. Ledar kariya mai gam da ake liƙa wa motoci kuwa, ba a amince mata a kan naitiroselulos ba, domin gam ɗin na iya cin fentin ko ya taso da shi ranar ɓarewa. Wanda sana'arsa yawon biki ce, yau nan gobe can, ya fi masa alheri tun farko ya zaɓi foliyuretan, wanda ke jure turare da gumi da roba, ya haƙura da cewa in ya fashe gyaransa ba ya ɓoyuwa. Naitiroselulos kuwa in ya karce, gwani zai ɗiga sabo a cikin raunin da tsinke, ya narke cikin tsohon, a jira makonni, a goge, sai an nuna wa mutum wurin kafin ya gane.

Abu biyu suka rage, kuma sun fi sheƙi nauyi. Na farko lafiya: tururin wannan fenti yana cutar da huhu kuma yana kamawa da wuta da ƙyastawa guda, saboda haka ba a fesa shi a rufaffen ɗaki, ko kusa da murhu ko janareta, ko ba tare da abin rufe hanci mai tace tururi ba; tsohon fentin da ake kankarewa kuma yana iya ƙunsar darma, wadda sai a 1978 Amurka ta hana sa ta a fentin gidaje, tsohuwar rigar roba ta gangunan dā kuma 'yar'uwar naitiroselulos ce, wanda ya kusanta mata wuta don ya ɓare ta yana iya rasa gangar da shagon baki ɗaya. Na biyu amana. Aikin da ya yi kyau ƙwarai yana iya ruɗin mai saye ya ɗauka fentin asali ne, ya biya kuɗin da ba na abin ba, kuma ɓoye wannan algus ne a kowace shari'a. Duk wanda ya sabunta ganga, ya rubuta shekarar aikin da irin fentin da ya fesa a 'yar takarda ya ajiye tare da ita, ya kuma faɗa da bakinsa ranar ciniki tun ba a tambaye shi ba.